Admin Mai Dokar Gaisuwa

Wani ne a Batsari, tun da aka haife shi bai taɓa riƙe muƙami ba. Ko monita ba a taɓa ba shi ba a firamare. In aka kafa kwamiti a unguwa, shi ne mai ɗauko tabarma.

Ana nan sai Malam Abdulgaffar, wani hedimasta a Safana, zai tafi kwas Zariya na sati biyu. Shi ya buɗe guruf ɗin Wasaf ɗin nan, Zauren Batsari da Safana, mutum ɗari da ashirin kowa da bakinsa. A yi musun taki, a yi musun ƙwallo, a yi musun garin da ya fi iya fura. Malam ya duba ya duba, bai ga mai yawan data da ƙarancin aiki kamar mutumin namu ba. Ya kira shi.

"Ka riƙe min admin. A bar kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma da ladabi. In na dawo na tarar ba a zagi kowa ba, ka zama admin na dindindin."

Mutumin ya koma gida yana tafiya kamar sabon kansila. Ya ce wa matarsa Larai, "Daga yau Admin za ki riƙa ce min."

Ta ce, "To Admin, akuya ta shiga ɗakinka."

Washegari ya kafa doka. Ya ce ya yi bincike, duk rigimar duniya daga rashin gaisuwa take. Saboda haka ba mai cewa uffan a zaure sai ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, daga mafi tsufa zuwa ƙasa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina. Wanda ya tsallake, waje.

Rilwanu na Yasore ne ya fara faɗawa. Ya rubuto, "Jama'a an yi ruwa wajenmu."

Admin ya ce, "Ruwan ne ya haife ka? Ina gaisuwa?" Ya cire shi.

Sai wata malamar asibiti, Naja'atu, ta tambaya a hankali. "Ranka ya daɗe Admin, ina kwana, ina gajiya. Ni so nake in bi doka. Wa ya fi tsufa ne, in fara da shi?"

Admin ya ce, "Tambaya mai kyau. Baba Tayyib na Runka."

Ko minti ɗaya ba a yi ba, sai ga saƙon murya daga Baba Yusha'u na Babban Duhu, har da tari a ciki.

"Mi kac ce? Tayyib? Yaron ga? Shekarar da motoci suka koma hannun dama ina da mata, shi yana yawo ba wando!"

Baba Tayyib ya maido nasa, minti bakwai cif. "Kai Yusha'u ka ji tsoron Allah! Ranar kaciyarka wa ya riƙe maka ƙafa? Kana ihu har mutanen Safana suka fito da sanduna!"

Shekara hamsin mutanen nan suna cin kasuwa tare, ba wanda ya taɓa jin kansu. Ranar sai da aka tono har kakanni. Admin ya ga zagi na tahowa, muƙami na tafiya. Ya cire su duka biyun, ya share saƙonnin, ya rubuta, "Alhamdu lillahi, zaman lafiya ya dawo."

Naja'atu ta sake dawowa. "Ina wuni Admin, ya ƙoƙari. To yanzu kuma wa ya fi tsufa?"

Ya ce kowa ya ɗauki hoton katin zaɓensa ya turo, a gama magana. Aka turo. Mutum arba'in da uku, duk ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Wani mai furfura har kunne, katinsa ya ce shekararsa talatin da biyu, don yana neman aikin gwamnati. A kati, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya girme shi da shekara tara.

Nan aka kaure. "Ni na goya ka!" "Ƙarya ne, ni na koya maka keke!" Admin na ta danna waya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya cire na sama, na ƙasa su tashi da musun wa ya gaje shi. Ya cire su, wasu su taso. Wanda ya ce Admin ya yi daidai ma ya cire shi, wai yana neman tsokanar waɗanda ba su ce ba. Naja'atu kuwa ya cire ta don ita ke kawo tambaya.

Ana cikin haka Malam ya leƙo daga Zariya, ya rubuto, "Wai me ke faruwa ne?" Musu ya binne saƙon. Data ta ƙare masa, ya koma aji.

Kwana biyar, zaure ya rage mutum uku: Admin, Malam da Larai.

Ran na shida Admin yana zaune a tasha da hantsi, sai ga saƙon Larai a zauren. "Hadari ya taso, zo ka kwashe wakenka a kan soro!"

Ya duba sama, baƙi ƙirin. Ya duba saƙo, ba gaisuwa. Ya ce doka ba ta san mata ba. Ya cire ta. Kafin ya gama rubuta dalili, ruwa ya sauko. Ya isa gida wake ya zama kunu, tukunya kuma a kife.

"Larai, ina tuwo?"

"Ina wuni Admin, ina gajiya, ya ruwa? Tuwo sai 'yan zaure. Ni an cire ni."

Da Malam ya dawo, ya sami Admin wajen mai shayi, ya sa sabuwar hula yana jiran naɗi.

"Malam, barka da hanya! Kwana takwas cur, ko tari ba a yi ba. Ka duba da kanka."

Malam ya duba. "Ina mutanena ɗari da ashirin?"

"Suna lafiya. Sun buɗe wani zauren, na ji an ce zagi ake yi ba kama hannun yaro."

"Wa suke zagi?"

"Ni. Amma ai ba a namu ba ne."

Malam ya dafe kai. "Na ce maka a yi musu da ladabi. Kai ka kori musun, ka kori masu musun, ka kori har mai ba ka tuwo!" Ya danna waya, ya sauke shi daga admin nan take. "Ka gode wa Allah ma muƙamin kawai na karɓe, ban kore ka daga zauren ba."

Mutumin ya gyara hula, ya kurɓi shayi.

"Kai dai za ka gode wa Allah, Malam, da yake kai ka buɗe zauren. Ranar da ka rubuto ba gaisuwa, sau uku ina cire ka, wayar ce ta ƙi."