Rigar da Baba Ya Farke

Da asuba Baba yana zaune a bakin gado, ya jera kwalaben magani a kan ɗan teburinsa, yana haɗiya ɗaya bayan ɗaya da shayi. Wata uku ke nan bai taka shagonsa na ɗinki ba saboda gwiwa, alhali shagon a ƙarshen layinmu yake. Likita ya ce ya riƙa takawa kullum, ya rage sukari, ya sauke tumbi, ƙwaya kuma taimako ce kawai. Baba ƙwayar kaɗai ya ji. Wanda ya ba shi hayar shagon ya aiko sau biyu: in ba a buɗe a satin nan ba, zai ba wani.

Ni daɓen tayil nake yi, wuni nake a durƙushe, ba wanda zai koya mini ciwon gwiwa. Na yi wa Baba magana har na gaji, na haƙura. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofarsa sai ga babbar 'yata ta dawo daga asibitin da take aiki, farar rigar aikinta a kafaɗa. Jiya ya aike ta ta sayo masa ƙwayar man kifi.

"Lafiya ƙalau na kwana, sai dai ganinki da sassafe," in ji Baba. "Ina saƙona?"

"Tsoho mai ran ƙarfe, ka bari in gama gaisuwar mana. Ina gwiwa?"

"Tana gaishe ki. Ta ce ta fi fuskarki santsi."

"Gwiwar da in ka miƙe sai maƙwabta su leƙo, su ɗauka ƙofar gareji ake buɗewa?"

"Ke, da wannan gwiwar na taka keken ɗinki shekara arba'in. Da tafiya nake yi, da tuni na zagaye duniya na dawo na tarar ba ki iya ɗaura ɗankwali ba."

"To, ango, duniya ta yafe maka. Ƙarshen layi kawai ake roƙo."

"Ban ce ki yi mini wa'azi ba. Man kifina."

"Na sayo. Yana shagonka, cikin aljihun keken. Na karɓi makulli wajen babana."

Baba ya juyo ya kalle ni. Na ci gaba da ɗaure takalmina.

"Na sake ki," ya ce mata. "Saki uku, ba kome."

"Wannan ne na tara a watan nan. Kuma wa zai kwashe ka in na tafi? Cokali nawa ka zuba a shayin nan?"

"Biyu."

"Biyu ne har cokalin ya tsaya a tsaye? Jiya na dafa maka kifi da ganye da wake, ka ture, ka ce abincin awaki ne. Ka ƙi kifin, kana neman mansa a kwalba."

"Na kwalba ya yi karatu."

"Kifin ma da bakinsa ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Gwiwa kamar kekenka take, tsoho. Ka zuba mata mai ka rufe da tsumma wata uku, ka ga in za ta juya."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

"In an buɗe tulun ba. Taka tana nan ta daskare."

Baba ya ce ba inda za shi, ƙwayar ta ruɓe a can, shagon ma a ba wanda aka ga dama. Ya faɗa da ƙarfi, amma bai kalli kowa ba. Ta sauke rigar daga kafaɗa za ta ninke, sai idonsa ya faɗa kan aljihun.

"Miƙo nan. Wa ya yi miki wannan?"

"Sabon telan da ke kusa da asibiti. Kowa yabonsa yake yi."

"Tela? Wannan ai da ƙafa ya riƙe yadin. Dubi aljihu, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana neman hanyar gida. Dubi kafaɗa. Marasa lafiya suna ganinki a haka, kuma suna warkewa?"

"Ba ni abata, ita kaɗai gare ni mai tsabta. Da ita zan koma da yamma."

Ina! Baba bai taɓa ganin karkataccen ɗinki ya bar shi ya kwana ba. Tun muna yara haka yake, har rigar baƙo ya taɓa cirewa. Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ɗauko reza. Kafin ta rufe baki ya farke aljihu, ya bi kafaɗa, ya zare hannun dama gaba ɗaya, yana tsaki yana tsince zare. Sannan ya miƙa ƙafa yana neman matakin keke, kamar yadda ya saba. Ƙafar ta taka siminti.

Ya dubi rigar, ta rabu gida uku a cinyarsa. Ya dubi jikarsa.

"Da yamma kika ce?"

"Ƙarfe huɗu. Ko in tafi da hannu ɗaya, in ce musu aikin angona ne?"

"Da gangan kika kawo ta."

"Wallahi ban san ta karkace ba. Ni kyau ta yi mini."

"Wannan ya fi muni," in ji Baba. Sai dariya ta ƙwace masa, har da tari. "Kin ci, mummuna. Zan ɗinka miki biyu, kada ki ƙara kunyata ni a gari. Kamo hannuna. Ban da ja, ni ba buhu ba ne."

Sau biyu ya yunƙura kafin ya miƙe. Gwiwar ta yi ƙara. Na ɗauki jakar kayan aikina na bi su a baya, ko da yake ba hanyata ba ce. Ya huta a gindin falwaya, ya ƙara hutawa a gaban mai wanki, yana cewa iska yake sha. Da suka isa ta miƙa hannu za ta buɗe masa, ya buge hannun, ya karɓi makullin, ya buɗe shagonsa da kansa.