Yadda Na Nome Digirin Hadiza

Ɗiyata Hadiza tana digiri na biyu a Yamai kan tsara hili da tsirrai. Damanar bara ta shuka ciyawar bincikenta bayan gidana, ta koma makaranta.

To ni da na tsufa a noman hatsi, in ga haki a bayan gidana in ƙyale? Na ɗauki hauya na nome shi tas, na zuba wa awaki, na zauna jiran godiya.

Da ta dawo ta ɗora hannu a ka: "Baba, shekara guda ka kashe mini!"

Na ce, "Ke, wace makaranta ke shuka ƙarangiya da gangan?"

Yanzu har Hillanin kasuwar Abala, in sun hango ni, sai su ce, "Yara, ku ɓoye littattafanku, ga manomi nan tahe!"