Yadda Za Ki Cika Ɗakin Karatu Ba Tare da Kowa Ya Zo Karatu Ba

Ke mai kula da ɗakin karatu, ke da kike wuni daga ke sai ƙadangaru, share hawayenki. Ga matakai bakwai da aka gwada a Gumel. Idan kika bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari cikin mako uku sai kin rasa inda za ki sa ƙafa saboda jama'a. Ki lura da kyau, cika na ce, ban ce za su yi karatu ba.

Wadda aka gwada a kanta ita ce Malama Lauratu. Shekara goma sha bakwai tana riƙe da makullin ɗakin karatun ƙungiyar ci gaban unguwarsu: ɗaki ɗaya dogo, kanta shida, benci huɗu, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulƙahhar, dillalin riɗi ne a kasuwar Maigatari, kuma ya daɗe yana yi wa ɗakin nan kallon sito. Wata rana ya shigo da tef ɗin awo a hannu.

"Malama, ni ba ni da gaba da littafi," in ji shi. "Amma kwamiti zai zauna Asabar ta uku. In rajistar nan ba ta nuna mutum ɗari sun shigo ba, riɗi zai shigo. Littattafan kuma masu ƙosai suna so."

Rajistar a lokacin mutum tara take nunawa tun bayan Sallah, kuma huɗu daga ciki cajin waya suka zo yi. Lauratu ta koma gida, ko tuwo ba ta iya ci ba.

MATAKI NA ƊAYA: Ki je bita

Ba a zama gwani sai da jaka mai tambari. Ki nemi taron bita na kwana biyu, irin wanda aka kira Lauratu a Dutse, inda wani matashi mai tabarau zai haska majigi ya koya muku buɗe bulog da shafin Fesbuk. Kada ki damu in ba ki gane ba, wadda take kusa da ke ma gyaɗa kai kawai take yi. Abin da ake bukata ki dawo da shi uku ne: jakar, takardar shaida, da kalma ɗaya da za ki riƙa jefa wa mutane. Lauratu ta zaɓi "kontent". Mijinta ya tambaye ta mene ne shi, ta ce masa abin yana da zurfi.

MATAKI NA BIYU: Ki ɓoye lambar sirri inda kowa zai gani

Sau uku Lauratu tana buɗe shafi tana manta lambar shiga. A na huɗu ta rubuta ta da alli a bayan ƙofa. Masana sun tabbatar babu wurin da ya kai bangon laburare tsaro, tunda ba mai shigowa balle ya karanta.

MATAKI NA UKU: Ki fara da rubutu mai amfani, don ki huce

Dole ne ki bi ta nan, kowa ya bi. Lauratu ta zauna ta tsara rubutu mai suna "Muhimmancin Karatu ga Al'umma", ta yi masa gabatarwa da kammalawa, ta saki, ta zuba wa wayar ido. Mutum uku suka karanta. Ita ce ta farko, mijinta na biyu, na ukun kuma ita ce da wayar mijin. Washegari ta saki "Muhimmancin Karatu, Kashi na Biyu", mijin ya ce datarsa ta ƙare.

Mako guda ya tafi a haka. Alhaji Abdulƙahhar ya sake leƙowa, ya auna faɗin ƙofa, ya ce da direbansa a gabanta, "Buhu zai shiga a kwance."

MATAKI NA HUƊU: Ki yi kuskure

Wannan ne ginshiƙin darasin, don haka ki buɗe kunne. A cikin bangon baya na kowane tsohon littafi akwai ɗan aljihun takarda, a cikinsa akwai kati. A da, duk wanda ya ari littafi sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a katin nan da hannunsa. An daina tuntuni, amma katunan suna nan, ba wanda ya tuna da su.

Lauratu ta ɗauko wani tsohon littafin koyon rubuta wasiƙar soyayya, nufinta ta ɗauki hoton bangon gaba. Ta kifa shi ta baya ba ta lura ba, ta ɗauka, ta saki, ta tafi alwala. Kafin ta idar da la'asar wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Katin ne ya fito tar a hoton, kuma suna ɗaya ne a kai har sau biyar, duk a shekarar 1989: Ishaƙ Ilu.

To, Alhaji Ishaƙ Ilu dattijo ne da ba a taɓa ganin haƙorinsa a unguwar ba. Shi ne mai tsayar da samari a hanya ya tambaye su ina hularsu. Sai ga sharhi ɗari biyu a ƙarƙashin sunansa, kuma na saman duka daga maiɗakinsa ne, Hajiya Rakiyya, wadda ba wanda ya san tana da Fesbuk. Layi ɗaya ta rubuta: "Malama, gobe ƙarfe nawa kike buɗewa?"

Ƙarfe tara ta iso da leda cike da wasiƙu, shekara talatin da biyar suna ƙasan akwatinta. Ta sa hannu a rajista, ta zauna, ta buɗe littafin a dama, wasiƙu a hagu, tana bi da yatsa. Can ta ɗago.

"Lauratu, 'yar nan, zo ki gani. Har 'tauraruwar zuciyata' ba tasa ba ce. Shafi na ashirin da uku."

"Hajiya, a yi haƙuri, ai zaɓen ma gwaninta ne."

"Gwaninta? A wasiƙa ta biyu ya manta bai canza sunan ba. Shekara talatin da biyar ina tambayarsa wace ce Khairiyya, yana ce mini ƙuruciya ce. Ashe matar littafi ce."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe benci. Ta ce yau ta yafe wa Khairiyya duniya da lahira.

MATAKI NA BIYAR: Kada ki taimaki kowa

Yanzu za su fara zuwa. Ba don ilimi ba, don kowa ya tuna akwai abin da ya taɓa ara. Alhaji Ishaƙ ne ya fara, da rawaninsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, akwai wani kuma. Na waƙoƙi. Ina son katin."

"Baba Alhaji, ai ba a jere suke da suna ba. Kowane kati yana cikin littafinsa. Sai dai a sa hannu a nan, a duba kanta."

Ki haddace amsar nan, ita ce jarinki. Littafi dubu biyu ne a ɗakin, kuma ba yadda mutum zai gano katinsa sai ya buɗe su ɗaya-ɗaya. Lauratu ta ƙara da sanarwa a bulog cewa kowace Juma'a za ta saki kati guda, sai dai in mai shi ya zo da kansa ya ce a rufa masa asiri. Ai kuwa gari ya ɗauka. Tsofaffin ɗaliban da suka yi makaranta a Gumel suka riƙa sauka daga motocin Gagarawa da Sule Tankarkar. Wani mai sayar da shanu ya bar cinikin Alhamis a Maigatari ya zo neman katin littafin koyon rawa. Mata suka zo neman na mazajensu, 'ya'ya suka zo neman na iyayensu, wani kuma ya zo neman na surukinsa da niyyar da Allah kaɗai ya sani.

Abin haushi, wasu sukan buɗe littafi don kati sai ido ya faɗa kan shafi. Wani manomi daga Gagarawa Tasha ya shiga neman sunan wansa, aka same shi bayan awa biyu a kan benci yana karanta yadda ake maganin tsutsar wake. Kada wannan ya tayar miki da hankali, ba laifinki ba ne.

Ranar Laraba ta ƙarshe rajista ta kai ɗari uku da goma sha ɗaya. Lauratu ta koma gida tana taka rawa a tsakar gida, mijinta yana tambaya ko kontent ɗin ne.

MATAKI NA SHIDA: Ki san akwai wanda ba shi da kati

Alhamis da yamma Alhaji Abdulƙahhar ya dawo daga kasuwa, ya tsallake takalma a ƙofa, ya duba rajistar shafi-shafi, ya rufe.

"Malama, masu karatu na ce, ba 'yan tsegumi ba. Kin tara gari ana yi wa dattawa dariya. Wannan ba zan ƙirga shi ba, kuma kwamiti bayana yake." Ya buga ƙirji. "Ni dai ki duba har gobe. Ban taɓa aron littafi ba, ni da gidanmu kaf. Ba ki da abin saki a kaina."

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Ta rufe ƙofa ta zauna tana mayar da littattafan da aka watsar, ranta a jagule. A kantar ƙasa, inda ba mai sunkuyawa, akwai ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, na ajin matan da aka taɓa yi a ɗakin da rana. Ta zaro katin ɗaya don ta kakkaɓe.

Layi uku na farko babu suna, dangwalen yatsa ne da shuɗiyar tawada, malamar ajin ta rubuta a gefe: Asama'u, gidan Siddiq mai awo. Layi na huɗu harafi ɗaya ne, A, ya karkace kamar zai faɗi. Na biyar, Asa. Na bakwai, Asamau. Na tara, watan Maris 1985, sunan ya cika har da ɗan wakafinsa a sama. Gidan Siddiq mai awo kuwa ko yaro ya san nan aka haifi Alhaji Abdulƙahhar.

MATAKI NA BAKWAI: Ki saki

Ƙa'ida a fili take. Gobe Juma'a, kati yana hannunki, mutumin ya buga ƙirji a gaban jama'a cewa gidansu ba mai kati. Ki ɗauki hoto, ki saki, ki sha layik dubu.

A nan Lauratu ta faɗi jarrabawa, kuma har yau ina jin haushinta. Ta ɗaga wayar, ta saita, ta ajiye. Ranar Juma'a ba ta saki komai ba, mabiya arba'in suka gudu. Ranar Asabar, da kwamiti ya zauna a kan bencinan, kafin a buɗe taro da addu'a, ta rusuna ta miƙa wa shugaba ɗan littafin a rufe.

"Ranka ya daɗe, a duba bangon baya. Ban nuna wa kowa ba."

Ya zaro katin da yatsa biyu yana shirin tsaki. Ya bi layukan daga sama zuwa ƙasa. Ya sake bi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Inna ba ta iya rubutu ba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ina makarantar kwana, mai rubuta wasiƙa take sawa ya rubuto mini. Kowace wasiƙa takan zo da wani jagwalgwalo a ƙasa. Na ɗauka ƙanwata ce take ɓata takarda. Har na aiko a ce mata ta daina." Ya sake duban katin. "Kuma aka daina."

Ba wanda ya motsa, har Alhaji Ishaƙ, ɗan kwamitin da ya zo da niyyar goyon bayan riɗi. Shekara goma sha biyu da rasuwar Inna Asama'u, kuma wannan ne karo na farko da ɗanta ya karanta hannunta.

"Malama, zan tafi da katin nan."

"Ranka ya daɗe, kati ba ya fita, a nan yake zama. Littafin ne ake ara, mako biyu, a dawo da shi."

"A dawo da shi ina?"

"Nan."

Ya dubi kantoci shida, ya dubi fankar da ta ƙi juyawa. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi biro, ya ɗora katin a gwiwa, ya rubuta sunansa a layi na goma, a ƙarƙashin nata.

GARGAƊI

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan Hajiya ta fara kiran mijinta "shafi na ashirin da uku" a gaban baƙi, ba ruwana. Idan surukinki ya gano katinki, ku kuka sani. Idan riɗi ya cika zauren wani har iyalinsa suna shiga gida a karkace, kada a zo ƙofata. Haka kuma ban ɗauki alhakin tef ɗin awon da aka manta a kan teburin Malama Lauratu ba. Wata bakwai ke nan yana nan, kuma mai shi yana zuwa duk bayan mako biyu, ya sa hannu, ya daɗe yana kallon kati, ya fita bai tambayi tef ɗin ba.