Rasuwar Mai Faɗin Ciki, Jirgin Turke na Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuma a buɗe, dattijon masu fito yana sanar da jama'a rasuwar jirginsa, Mai Faɗin Ciki, ranar Talata da hantsi.

Mahaifin dattijo ne ya fara haɗa jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi a wannan mashigi, wato marigayi, shekarar da ambaliya ta cinye gada. Ya faɗaɗa masa ciki domin ruwa ya sami wurin tallafe shi. Shi ya sa marigayi ya shekara arba'in da ɗaya yana ratsa ruwa iya gwiwa ɗauke da mutum ashirin da awakinsu, bai taɓa gogar ƙasa ba. Ba ya da magana sai “ƙiii” in an yi masa lodi, da “cafal-cafal” in ya doshi gaɓa.

Ciwon ajali ya soma ranar da surukin dattijo, kafinta, ya nace a kafa masa doron katako a ƙasa, wai don ya daina karkata. Dattijo ya tuna masa cewa ba a taɓa yin haka ba. 'Yar dattijo, matar kafinta, ta sa baki, uban ya haƙura. Doron ya ƙara wa marigayi taƙi guda a cikin ruwa. Fitarsa ta uku ya daki dutsen da ya saba wucewa ta kansa, cikinsa ya tsage.

Dattijo ba ya zargin kowa. Yana dai lura cewa kafinta ya fi kowa sanin dutsen nan, kuma sabon jirginsa ya sha fenti tun kafin rasuwar. Yana kuma lura da al'adar mashigi: turken da ya kwana bakwai babu jirgi, na mai bi masa a layi ne. Mai bi masa kuwa suruki ne.

Marigayi ya bar filafilai biyu, gorar tuƙi, da ƙoƙon kwarfe ruwa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. An tsamo su duka. An kuma adana doron a ɗakin dattijo, da ƙusoshinsa goma sha shida, ga mai son gani.

Za a jawo gawa ranar Litinin, kwana na shida, a ɗaure ta a turkenta. Dattijo ya binciki magabata, bai sami inda aka ce sai jirgi mai rai ba. Ana roƙon suruki ya kama igiya ta gaba.