Yatsun Asa da Takardar Sulhu

Jiya da hantsi ina zaune a shagona ina ɗinkin takalmi, sai wata ƙara ta zubar da gilashin tagata, basilla ta shige mini babban yatsa. Na fito a guje, na ɗauka Turawan Ingila ne suka iso. Ashe namu ne. Igwar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Gari ya yi mana alkawari tun farkon yaƙi, kusan shekara uku ke nan, ita ce ta iso shekaranjiya, aka harba ta don murnar sulhu da Ingila. Allah ya ƙara wa Mai Girma hangen nesa. Da ta zo da wuri, ai da an lalata ta wajen faɗa.

A dandali Mai Girma ya hau akwati ya sanar da mu cewa mun yi nasara. Na tambayi maƙwabciyata Mehitable, wadda jirgin mijinta ya ruɓe a bakin ruwa tun da aka tare mana teku, ko ta ji abin da muka samu. Ta ce kowa zai koma inda yake kafin a fara, iyaka ba ta motsa ko taku ɗaya ba. Kanada da muka je ɗaukowa tana nan lafiya lau. Maganar matuƙan jiragenmu da Turawan Ingila ke kamawa a teku, wadda aka ce ita ce mafarin rigimar, ba ta ma shiga takardar sulhun ba. Kuma tun Disamba aka sa hannu, labarin ne ya yi mako bakwai a jirgi. Wato babbar nasarar da muka yi a Kudu, bayan an tashi wasa muka yi ta.

Da yamma Asa Pettibone ya shigo awon takalmi. Tsohon soja ne, ya baro yatsun ƙafa uku cikin ƙanƙarar arewa. Na ba shi labari, ya dubi ƙafarsa.

"Zebulon, ka ce komai zai koma yadda yake?"

"Haka takarda ta ce."

"To, dakata da awon. Kada ka ɗinka, a dawo mini da yatsuna, takalmi ya matse ni."

Muka yi dariya, amma na jima kafin na iya sunkuyawa na auna shi.

Af, ƙanen matata da ke tsallaken iyaka, can Kanada, ya aiko da saƙo yau. Su ma can ƙararrawa suke ta kaɗawa, wai sun ci yaƙi. Don Allah duk wanda ya ga wanda aka ci, ya sanar da wannan jarida.