Kyan Hanyar Tsaunin Maje

Kun san Nafi'u, abokina na ofis, wanda in ya buɗe baki sai ka ɗauka shi ya raka duniya makaranta? To in kun lura, tun daminar da ta wuce bai ƙara yi wa kowa lacca a kan daɗin zaman ƙauye ba. Ni na san dalili, don a gabana aka yi komai, kuma har yau ƙuguna bai yafe masa ba. Babur ɗin da muka tafi da shi dai ya dawo gida, amma bakin Nafi'u can muka baro shi.

Yadda aka yi, Nafi'u ya tsinci wata sabuwar ɗabi'a a waya, ta kallon mutanen da ke hawa manyan babura suna ratsa duwatsu da ƙauyuka, ba don wani abu nasu ya ɓata ba, sai don kallo kawai. Abin ya shiga ransa. Ya sayi hular kwano, ya sayi safar hannu, ya sayi baƙin tabarau. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne babur. Sai ya lallaɓa wajen yayan matarsa, Alhaji Sabitu, mai wani ƙaton jan babur da yake gogewa da hankici kowace safiya. Alhaji Sabitu zai iya ba ka aron motarsa, amma babur ɗin nan ko ɗan cikinsa bai taɓa hawa ba. Nafi'u ya yi ta magiya, ya ce ɗaurin aure za shi nan bayan gari, kan kwalta zai tafi, kan kwalta zai dawo, kafin la'asar babur yana gida. Da ƙyar aka miƙa masa makulli.

Ranar Asabar da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana.

"Hau mu tafi," in ji shi. "Yau zan nuna maka ƙasarka."

Ni kuma da wauta na hau. Ba mu yi nisa ba ya saki kwalta, ya karya kwana ya nufi duwatsu, wai akwai wani ƙauye can sama da ake kira Tsaunin Maje, wanda ya ji labarinsa a bakin wani mai sayar da zuma.

Gaskiya ɗaya ce, wurin yana da kyau. Gonaki sun yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo, duwatsu wani a kan wani kamar an jera su da hannu, ga gajimare ya sauko ya zauna a kan tsauni. Har na ji daɗi a raina, ban dai faɗa ba. Amma hanyar! Rami ne a cikin rami, in an gama rami a shiga tsakuwa, in an gama tsakuwa a kama gangare. Shi yana gaba a kan taushin kujera, ni ina baya rabina a kan ƙarfe. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati, shi kuma ya ce, "Ka ji daɗi ko? Ai wannan ita ce tafiya!"

Dab da ƙauyen muka iske wani rafi, ruwansa bai wuce idon sawu ba, muka haye ta kan wasu duwatsu daga sama. A tsakiyar rafin kuwa, can ƙasa kaɗan, ga wata tsohuwar babbar mota ta nutse a laka har wuya. Tsatsa ta cinye ta, ciyawa ta fito ta tagar direba, har da wani ɗan icce a bayanta. Nafi'u ya tsaya ya yi ta ɗaukar ta hoto, ya ɗauka a tsaye, ya ɗauka a tsugune, yana cewa bai taɓa ganin abin da ya burge shi irin wannan ba.

Mun shiga ƙauyen muka tarar da dattawa a gindin ɗorawa. Mai unguwarsu, Baba Jatau, wani siririn tsoho mai magana a hankali, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo gasasshiyar masara da nono. Bayan an gaisa ya ce, "Samari, wurin wa aka zo?"

"Ba wurin kowa ba, Baba," in ji Nafi'u. "Kallo muka zo."

"Kallon me?"

"Dutse."

Dattawan suka juya gaba ɗaya suka dubi dutsen, ko wani abu ya same shi ba su sani ba. Da suka ga yana nan yadda suka bar shi, suka juyo suka dube mu. Baba Jatau ya ce, "To, madalla. Allah ya ba da sa'a."

Hira ta yi hira, har tsohon ya ji cewa Nafi'u ma'aikacin ofis ne a birni. Nan take fuskarsa ta sake. Ya aika aka ɗauko wata takarda da aka naɗe a leda, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Malam, Allah ne ya kawo ka. Wannan takardar roƙo ce muka rubuta wa hukuma, a taimaka a gyara mana hanya. Mun kai sau uku ba amsa, muna jin ko rubutun ne bai yi ba. Ka duba mana, ka gyara, ka tafi mana da ita. Tumatirinmu a nan yake ruɓewa. Mai naƙuda a kan gadon kara muke sauko da ita. Motar nan da kuka gani a rafi, taki ta kawo mana shekara tara da suka wuce. Ga direban nan zaune, da ya gaji da jiran a zo a ciro ta sai muka yi masa aure. 'Ya'yansa huɗu yanzu."

Wani mutum daga gefe ya ɗaga mana hannu.

Ni na ɗauka Nafi'u zai karɓi takarda ya ce Allah ya sa a dace. Ina! Sai ya cire tabarau, ya gyara zama, na san lacca ta zo.

"Baba, ku ba ku san arzikin da Allah ya yi muku ba. Kwalta? Ranar da kwalta ta shigo nan, ranar wurin nan ya mutu. Hayaƙi zai zo, hayaniya za ta zo. Wannan hanyar da kuke rainawa ita ce kyan garinku. Motar nan ta cikin rafi ma, wallahi ado ce. Ni dai ba da hannuna za a kashe wurin nan ba. Ku bar komai yadda Allah ya yi shi, kada ku taɓa."

Na mintsine shi, bai ji ba. Na taka masa ƙafa, ya janye ya ci gaba. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Da Nafi'u ya gama, Baba Jatau ya miƙo hannu. Ya karɓi takardarsa, ya naɗe ta a leda yadda take, ya ce, "To, Malam, mun ji. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, amma mun ji."

Bayan azahar hadari ya haɗu a kan tsauni, baƙi ƙirin. Tsohon ya ce in za mu tafi mu hanzarta, don in aka yi ruwa a sama, rafin nan kan kawo ba sallama. Ya ce mu bari samarin gari su raka mu, su zura wa babur sanduna su ɗauke shi a kafaɗa su haye da shi, haka suke yi wa kowa da damina.

Nafi'u ya yi dariya. "Baba, wannan ba irin baburanku ba ne. Wannan shi ke ɗaukar mutane, ba a ɗaukar sa."

Da muka iso rafin, ruwan ya riga ya rufe duwatsun da muka bi da safe. Nafi'u ya ce in sauka in riƙe wayarsa in ɗauke shi hoto, zai ratsa ta gefen motar nan don hoton ya yi kyau. Ban taɓa yi masa biyayya da sauri irin ta ranar ba. Ya ja da baya, ya murɗa totur, ya shigo da gudu, ruwa ya yi tsalle hagu da dama. Taku goma ya yi kyau ƙwarai. A na goma sha ɗaya tayar gaba ta lume, ta baya ta bi ta, babur ya yi tari sau biyu ya mutu, daidai gefen motar, kamar wurin aka tanadar masa.

Ya sauko, laka ta kama shi har gwiwa. Ya ja, ya tura, ya ɗaga, ko motsi. Na shiga na kama masa, muka ƙara lumar da shi. Ruwan kuwa ya fara canza launi, ya koma ja, yana tafe da ganyaye da karare, alamar an yi ruwa a sama. Ana cikin haka wayarsa da ke aljihuna ta ɗauki ƙara. Duk ƙasar nan ba inda waya ke kamawa sai cikin rafin nan. Na duba, na nuna masa. Alhaji Sabitu ne. Nafi'u ya dafe kai ya ce, "Na shiga uku."

Kafin wani lokaci mutanen gari sun cika bakin rafi. Ga samari da sandunansu a hannu, a shirye, ba abin da suke jira sai mai unguwa ya ce su shiga. Baba Jatau ya sauko a hankali da sandarsa, ya sami dutse, ya kaɗe shi, ya zauna.

"Baba, don girman Allah a sa hannu!" in ji Nafi'u. "Babur ɗin ba nawa ba ne, na yayan matata ne. In ruwa ya tafi da shi, da aurena zai tafi!"

Tsohon ya dubi babur, ya dubi motar, ya karkata kai gefe ya sake dubawa.

"Kai, Malam, ashe gaskiya ka faɗa. Sai yanzu na gani. Ja a kusa da kore. Mu da muke nan kullum ba mu san wurin yana da kyau haka ba."

"Baba, ruwa ya kai tanki! Ku taimaka ku ciro shi!"

"A'a, Malam, ba da hannunmu za a kashe wurin nan ba. A bar shi yadda Allah ya yi shi. Baɗi in ciyawa ta fito masa, sai ka zo ka ɗauki hoto."