Fanna Tana Gudu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na bi motar kifi tun daga Hadejia har Baturiya a kan babur ina hawaye. (A lokacin na gaya wa kaina iska ce ke shigar mini ido. Ƙarya nake, kuka ne.)

Ni malamin firamare ne, kuma tun ina sakandare nake shan littattafan soyayyar nan na bakin kasuwa. Sun koya mini abubuwa da yawa, mafi yawansu marasa amfani. Babban darasin da na ɗauka shi ne, ba a taɓa ɗaura aure salin alin. Dole sai wani saƙo ya shigo daga lambar da ba a sani ba, amarya ta ɓace, ango ya bi ta cikin ruwa da taɓo. To ni saura wata biyu bikina da Fanna, an sa rana, dangi sun yarda, babu mai adawa. Wallahi har abin ya fara damuna. Lafiyar ta yi yawa.

Mahaifinta, Alhaji Modu, ɗan kasuwar kifi ne. Yana da wata farar akori-kura da ta kwana biyu a duniya, ita ke ɗauko masa bandar kifi daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda in ka gaishe su za ka koma gida kana lissafin ko ka yi laifi. Fanna 'yar farinsa ce, don haka ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. “Yarinyar nan” yake cewa, ko da ita kaɗai ce a tsakar gida.

Wata rana wajen zance Fanna ta ce mini Baba ya shiga damuwa, an sace motar wani abokinsa a bakin kasuwa da rana tsaka. Nan take na ga babina ya zo. A littafi, ai saurayin kirki shi ke ceto dukiyar surukinsa. Na ce ta gaya wa Baba akwai wata na'ura da ake kira tiraka, ana ɓoye ta a cikin mota, duk inda motar ta shiga za a gan ta a waya, kuma ni zan sa masa. Washegari amsa ta dawo da kalma ɗaya: “To.”

Ranar Litinin direbansa Ɗanladi ya kawo motar garejin Bukar mai wayarin ɗin mota, wanda muka yi makaranta tare. Bukar ya fito da abin, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, ya zura masa layin waya, ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana ta bayani. Ya ce abin yana magana ne da tauraron ɗan'adam da ke can sama, tauraron ya faɗa masa inda yake, shi kuma ya turo wa mai mota. Ni daga kalmar “tauraro” ban sake jin komai ba. Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina tsara saƙon da zan tura wa Fanna, wai ita ce tauraruwar da ke nuna mini inda nake a duniya. (Na tura. Ta amsa da “hmm”.)

Bukar kuma ba ya aiki bakinsa a rufe. Daga zancen waya ja da waya baƙa sai ya koma zancen biki: wa zai ɗinka mini kaya, ko za a yi walima, ko na gama fentin ɗaki. Ina amsawa da rabin hankali. Can ya fito daga ƙarƙashin sitiyari, ya goge hannu, ya ɗauki wayarsa yana dannawa, ya ce, “Yaya sunanta?”

Na yi wani murmushi mai sanyi na ce, “Fanna.”

Ya ɗago ya dube ni. “Ka tabbata?”

Na ce masa a rayuwata ban taɓa tabbatar da wani abu kamar wannan ba.

Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta. Ya nemi lambobin waya biyu, na ba shi tawa da ta Alhaji. Ya ƙara wasu maganganu, wai layin ba zai buɗe ba sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wai shi da kansa ya mayar da saƙonnin Hausa saboda kwastomominsa, wai ya zagaye gidan Alhaji a taswira. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ranar Laraba da hantsi ina gaban allo a aji huɗu, wayata ta yi ƙara. Lambar da ban sani ba. Saƙon gajere ne: “Fanna ta fita daga gida.”

Na tsaya da alli a hannu. Wane ne wannan? Me ya sa yake gaya mini? Mata ai suna fita, ko kasuwa ko gidan ƙawa. Na kira ta, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, na kuma sakewa. Ban gama shanye wannan ba sai ga na biyu: “Fanna tana gudu.”

Jama'a, a nan ne duk littattafan da na karanta suka taso mini gaba ɗaya. Gudu! Daga wa? Zuwa ina? Ƙarƙashin saƙon akwai wani shuɗin rubutu, na danna, taswira ta buɗe, ga wani ɗan jan ɗigo yana tafiya a kan hanyar Baturiya. Kuma a wajen Baturiya ne wani ɗan kawunta yake, manomin shinkafa, wanda ya taɓa neman ta kafin ni. Komai ya haɗu cif. Har wani ɓangare na zuciyata ya ce, yawwa, dama na san lafiyar nan ta yi yawa.

Gidansu Fanna bai fi tafiyar minti biyar daga makarantarmu ba. Da na leƙa, da an gama. Amma a littafi ba wanda ke leƙa gida. Na ce wa hedimasta gida ba lafiya, na hau babur. Kafin na tayar sai da na rubuta wa Fanna saƙo mai tsawon shafi guda. Na ce na san komai. Na ce in shinkafa ta fi mata alli, ba zan tsaya mata a hanya ba, amma ta sani ta bar gawa a Hadejia. Sannan na rubuta wa baƙuwar lambar: “Na gode bawan Allah, ko wane ne kai.” Nan da nan ya amsa da wata sabuwar taswira, ba ko gaisuwa. Na ce a raina, mutumin kirki ne, ba ya son a san shi.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta hagu da dama, ciyawar kacalla ta rufe ko'ina, hanya ta zama rabi ƙasa rabi kogi. Ina tafe ina tambayar kaina abubuwan da ba su da amsa. Yaya mai ba ni labarin nan yake ganin ta a kowane minti? A mota ɗaya suke? In a mota ɗaya suke, me ya hana shi tsayar da ita? Sau huɗu yana sake turo “Fanna tana gudu”, ni kuma ina ƙara wuta. A wani mashigi babur ya nutse har inji, na sauka na tura, taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya. Wani makiyayi da ke tsaye da shanunsa ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ina neman rabin raina. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce bai ga kowa ya wuce da shi ba.

Wajen azahar saƙo ya shigo: “Fanna ta tsaya.”

Na bi ɗigon har bakin ruwa, inda masunta ke banda a ƙarƙashin wata tsamiya. Hayaƙi, ƙaurin tarwaɗa, kwalaye jibge. Kuma ga farar akori-kura a tsaye, daidai inda ɗigon ya nuna. Kada ku ɗauka na gane. Ko kaɗan. Abin da ya zo mini shi ne, ashe har da motar mahaifinta aka haɗa baki.

Na jingine babur, na zagaya bayan motar, na ɗaga tamfol. Kifi. Na leƙa gaba. Babu kowa, sai hular Ɗanladi a kan kujera. Na duba waya, ɗigon na nan a kan ƙafata. Sai na buɗe murya, da irin rawar muryar da nake jin jarumai na yi, na kira: “Fanna! Fito mu yi magana, ba zan yi miki komai ba.”

Aka yi gyaran murya daga ɗaya gefen motar.

Alhaji Modu ne zaune a kan tabarma, da Ɗanladi, da wasu dattawan masunta uku, kwanon fura a tsakiya. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, wando taɓo har gwiwa, alli har yanzu a aljihun riga. Na gaishe shi, ya amsa. Na sake gaishe shi don ban san abin da ke biye ba.

Ya nuna motar da haɓa ya ce, “Malam, ga wadda kake nema nan. Tayar baya ce ta ɗan yi sanyi, amma lafiyarta ƙalau.”

Ɗanladi ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Shi ne daga baya ya ba ni sauran labarin. Ashe duk saƙon da ya shigo mini, ya shiga wayar Alhaji, yana zaune a gaban motar. Da na farko ya zo Alhaji ya kira gida, aka ce yarinyar nan tana maƙwabta ana mata kitso, ta bar waya a caji. Daga nan Ɗanladi ya lura duk sanda ya taka totur sai wayar ta yi ƙara. Suka yi ta gwadawa don su tabbatar. Ga inda “gudu” huɗun nan suka fito.

Sai a lokacin, ina durƙushe cikin hayaƙin banda, na ji muryar Bukar a kunnena: “Ka tabbata?”

Alhaji ya sa aka ba ni fura, aka ɗora babur ɗina a bayan mota, na zauna a tsakiyar kwalayen kifi har Hadejia. A hanya wayata ta yi ƙara sau ɗaya. Ban duba ba. Na san tana gudu.

Wanda na kasa gyarawa shi ne saƙon da na tura wa Fanna. Kwana biyar ba ta ɗauki wayata ba, ta kuma aiko ƙanwarta ta ce a gaya wa gawar Hadejia ta huta lafiya. Na fara tunanin ranar da aka sa ta tashi, kuma wannan karon babu littafin da ya zo mini da dabara. A rana ta shida ta fito zaure, kitson nan na masifa a kanta, ta tsaya nesa da ni.

“Ka zarge ni, wannan ɗaya,” ta ce. “Amma duk abin da ke garin nan, motar banda ka ga ta dace da sunana?”

Na fara bayanin tauraro. Ta ce in yi shiru. Ta ce da don ta ita ce da sai na yi wata guda ina zarya, amma Baba ya ce mutumin da zai bar takalminsa a fadama saboda saƙon waya ba mugu ba ne, hankali ne kawai bai ishe shi ba, kuma wannan ana zama da shi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Sunan motar kuwa Alhaji da kansa ya je wajen Bukar aka canza, don ba zai yiwu sunan 'yar farinsa ya riƙa faɗo masa a waya sau goma a yini ba. Bukar ya tambaye shi wane suna za a sa, ya yi ɗan tunani ya ba shi. Saƙonnin dai ba a taɓa su ba, an bar su yadda aka rubuta wa mota. Don haka har yau, duk safiyar da za a tafi ɗauko kifi, wayata da ta surukina kan yi ƙara a lokaci guda: “Malam ta fita daga gida.” Jim kaɗan kuma: “Malam tana gudu.”

Tun daga ranar, ko a asibiti aka ce mini “Yaya sunanta?” sai na fara tambaya: matar ko motar?